Kada Ka Ƙone Kututturen Nan: Jawabi a Kan Sassabin Zamani da Gyaran Itatuwa

(Wannan shi ne jawabin da jami'in aikin gona na hukumarmu ya gabatar wa wakilan ikilisiyoyin karkara a taron shirin damina. Mun buga shi domin a karanta a majami'u da wurin taron Zumuntar Mata.)

  Na san waɗansunku sun bar sharar gona rabi suka zo, kuma a kan sharar gonar nan ne zan yi magana, saboda haka ba ku yi asarar yini ba.

Zan fara da tambaya, kuma iyayenmu mata nake tambaya. A cikinku wace ce ta samo itacen girki a makon nan ba tare da ta sha tafiya ba? Ban ga hannu a sama ba. Sa'ad da muke yara, akan aike mu bayan gari mu dawo da dami kafin ruwan tuwo ya tafasa. Yau mace takan fita da sassafe, sai rana ta take ta dawo da abin da bai kai girkin kwana biyu ba. Wadda ba ta da ƙarfin tafiya kuwa sai ta ƙone kara da kashin shanu. Karan nan da kashin shanun nan abincin gona ne. Wato mun ɗauke tuwon gona mun sa a murhu, sa'an nan muna kuka gona ta mutu, taki ya yi tsada. Ku maza kuma kun san iskar da takan riga ruwan farko zuwa. Tana ɗauke da yashi, ta yanke gero yana ɗan tsiro ko ta binne shi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare a hannunsa. Babu abin da ke tare iskar, gama babu itace a gabanta.

Bari in faɗi laifinmu da bakina kafin wani ya tuna mini. Shekaru da dama muna kawo muku dashe a cikin leda. Muka yi taro, muka yi addu'a, muka dasa, aka ɗauki hoto. Yau ina suke? Awaki sun ci waɗansu, gara ta ci waɗansu, rani ya kashe sauran, domin ba mai iya ɗebo ruwan da zai sha da iyalinsa daga rijiya mai gaba ashirin, ya kuma ɗebo wa itace har wata bakwai. Ba na cewa a daina dashe. Mangwaro da gwaiba da lemo dole a dasa su. Amma in dashe kaɗai muka dogara da shi domin mayar da itatuwan gonakinmu, za mu tsufa muna jira.

Abin da ya faru a Maraɗi

Ba mu ne na farko da muka sha wannan kunya ba. A shekarar 1981 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo ƙasar Nijar tare da mishan ɗin SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga aikinta. A yankin Maraɗi ya zauna, aikinsa kuwa shi ne raba dashe, kuma yawancin dashen mutuwa yake yi, kamar namu. A 1983, wata rana yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmin toho a gefen hanya, irin wanda kowa ke wucewa bai kula ba. Da ya matsa ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa, kowace shekara yana fitar da toho, kowace shekara manomi yana sassabe shi ya ƙone. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina a filin. Ashe dajin bai tafi ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada da farko, kuma an yi musu dariya, gama a lokacin manomin kirki shi ne wanda gonarsa take tas kamar tsakar gida. Da yunwar 1984 ta zo, mishan ta raba abinci a madadin aiki, sharaɗin kuwa shi ne mutum ya bar toho ya girma a gonarsa. Itatuwa wajen 500,000 suka tashi ta haka. Ku ji abin da ya biyo baya, domin a nan darasin yake ga hukuma irin tamu: da rabon abinci ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Abin da aka yi domin buhun hatsi, ya tafi tare da buhun hatsi. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga gero bai ragu ba, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ba tare da an ba shi ko mudu ba. Suka sa wa aikin suna sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike da suka gwada hotunan sama na dā da na lokacin suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, yawancinsu a yankunan Maraɗi da Damagaram. Daga baya ƙungiyar World Vision ta kai wannan dabara Humbo a ƙasar Habasha da Talensi a arewacin Gana, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Mutanen da suka yi wannan aiki Hausawa ne irinmu, da gatari irin namu, a ƙasar da ba ta fi tamu ruwan sama ba.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki ba zai yi mamaki ba. Ku buɗe Ayuba sura 14 in kun koma gida. A tsakiyar wahalarsa Ayuba ya lura cewa itacen da aka sare bai gama ba tukuna, ko ya tsufa a ƙasa, da ya ji danshi sai ya sāke fitowa. Ayuba ya san daji. Dalilin kuwa a fili yake: dashen leda yana da saiwa kamar tsawon yatsa, sai ya yi shekaru yana neman ruwa. Kututture kuwa ya riga ya kai ga danshi, kuma yana da abinci a ajiye cikin saiwarsa. Abin da ya hana shi zama itace shi ne, ƙarfinsa ya rabu ga toho ashirin ko talatin, mu kuma muna sare su duk shekara.

Yadda ake yi

Ka zaga gonarka kafin ka sa wuta ko gatari. Ka tafi da uwargida, gama ta fi ka sanin wane itace ne ke ci da kyau a murhu, wane ne ake miya da shi, wane ne magani. Ku duba abin da ke tohowa: sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa, taramniya, kirya, marke, da 'ya'yan gawo da dabbobi suka shuka da kashinsu. Ba duka za ka bari ba. Mai farawa ya bar kamar 40 a hekta guda, wato eka biyu da rabi, tsakanin wannan da wancan kamar taku ashirin. In ka ga amfaninsu ka ƙara daga baya. A Nijar akwai masu barin fiye da ɗari.

A kan kowane kututture, ka zaɓi sanduna mafi ƙarfi, mafi miƙewa, marasa ciwo. Ka bar uku zuwa biyar, ka sare sauran daga gindi. Wani zai ce, me ya sa ba ɗaya ba, ta yi saurin girma? Domin akuya tana nan, iska tana nan, mai dogon hannu ma yana nan. In ɗaya ka bari aka karya ta, ka koma farko. Ban da haka, in kana da biyar, bayan shekara biyu ko uku kana iya sare guda kowace shekara domin girki ko shinge ko ƙotar fartanya, ka bar sabon toho guda ya maye gurbinta, kututturen ba zai taɓa zama fanko ba. Wannan ya dace da sabara da kalgo da geza. Itacen da kake so ya zama babba kuwa, kamar gawo ko tsamiya ko kirya, kana rage sandunan a hankali har guda ɗaya ta rage.

Sa'an nan ka rage ƙananan rassan da ke jikin sandunan da ka bari, daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Rabi na ce, ku riƙe wannan. Ni da ke tsaye a gabanku na yi wannan kuskure a gonar gidanmu. Ɗoki ya ɗebe ni, na aske kalgo tas har sama, na bar ɗan tukku kamar kan yaro. Da ido ya yi kyau. Hadarin farko da ya zo ya kakkarya su, waɗanda suka tsira kuma awaki suka tanƙwaro su suka cinye tukkun. Ganye shi ne bakin itace, da shi yake ci. In ka kwashe ganyen, sandar za ta yi tsawo ba kauri, ba ta iya tsayawa da ƙafarta.

Kayan aiki ba sai an saya ba: adda, gatari, lauje, wuƙa, ko zarto ga mai shi. Amma ya kasance da kaifi. Ka tafi da dutsen washi a aljihu. Dakusasshen ƙarfe farfasa itace yake yi, ciwo da ƙwari kuma ta wurin fashewar suke shiga. Kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama. Mun saba ɗaga adda mu sauke ta kan reshe, amma in ka yi haka reshen yakan tsage ya ja ɓawon jikin sandar ya sauko da shi, kamar an feɗe ta. Ɓawo shi ne hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa. Ka riƙe reshen da hannun hagu, ka ɗaga shi kaɗan, ka sa kaifin ta ƙarƙashi ka ja sama. Da farko hannu zai ƙi, bayan kututture goma zai saba.

Abin da ka sare kada ka tara ka ƙone. Masu kauri a kai gida. Masu ƙaya, kamar magarya da aduwa, ka kewaye sandunan da su, su zama shingen awaki. Ganyen ka bar shi a ƙasa: gara za ta ja shi ciki, ramukan da ta haƙa kuma su ne ruwan sama zai bi ya shiga maimakon ya gudu. A nan gara ma'aikaciyarka ce, ba abokiyar gaba ba. Ka ɗaura ɗan jan ƙyalle a sanda guda, domin mai wucewa ya san wannan ba sakaci ba ne, mai gona ne ya bari da gangan. Kuma ba aikin rana ɗaya ba ne. Kututturen zai ci gaba da fitar da sabon toho, sai ka koma lokacin noman farko ko maimai, ka koma bayan girbi, ka cire. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: reshen da wuƙa za ta cire bana, baɗi sai da gatari.

Na san akwai wanda hannunsa zai yi nauyi, ya ga toho talatin masu kyau a ce ya sare ashirin da biyar. Ya tuna da Yohanna sura 15. A can Ubangiji ya nuna cewa mai gonar inabi ba mataccen reshe kaɗai yake taɓawa ba, har mai ba da 'ya'ya yakan sa wa wuƙa domin ya ƙara. 

Manyan itatuwan gida da na harabar majami'a

A nan ina da ƙorafi. A ƙauyuka da dama na ga an gundule kan dogon yaro ko mangwaro gaba ɗaya, an bar gungume tsaye kamar turken doki, wai an yi gyara. Ba gyara ba ne. Itacen da aka yi wa haka yakan firgita ya fitar da toho barkatai kamar tsintsiya a bakin saran. Tohon nan a ɓawo kawai yake manne, ba shi da tushe a cikin itacen. Bayan 'yan shekaru ya yi nauyi, ruɓa kuma ta shiga ta wurin babban saran, sai wata iska ta sauke shi a kan kwanon majami'a, wanda aka yi shekara uku ana baiko kafin a saya.

Gyaran gaskiya shi ne ka tsaya daga nesa ka dubi itacen tukuna. Ka cire busassun rassa da masu ciwo. Inda biyu suke gugar juna ka cire guda. Ka cire masu komawa ciki suna toshe iska da haske, da tohon da ke fitowa a gindi. Kada ka ɗauke fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda. Mangwaro kuwa a gyara shi da zarar an gama cin 'ya'yansa, ba lokacin da yake shirin fure ba.

Babban reshe sara uku ake yi masa. Na farko ta ƙarƙashi, kamar kamu ɗaya daga jikin itacen, ka shiga kaɗan ka tsaya. Na biyu ta sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Saran ƙarƙashin nan shi zai hana ɓawo tsagewa. Na uku ka cire guntun da ya rage. Ku duba gindin kowane reshe, za ku ga ɗan kumburi kamar zobe. A bakin zoben nan ake yankewa. Kada ka shafe shi, gama daga nan ne sabon nama zai taso ya rufe wurin. Kada kuma ka bar dogon guntu, zai ruɓe ya kai ruɓar ciki. Masu shafa baƙin man inji ko fenti a bakin sara su daina, ba ya taimakon itacen, sara mai kyau a wurin da ya dace ya isa. Kada yaro ya tsaya a ƙarƙashi, kada mutum ya hau shi kaɗai ba kowa a kusa, inda kuma reshe ya kusanci wayar lantarki a kira masu aikin wuta.

Tambayoyin da na san za ku yi

Inuwa ba za ta kashe gero ba? Tana iya yi, ba zan ruɗe ku ba. Ƙarƙashin ɗorawa ko mangwaro hatsi ba ya yin kirki, dogon yaro kuma yana da kwaɗayin ruwa, wurinsa bakin iyaka ne ko cikin gari. Shi ya sa ake rage rassan ƙasa, kuma kai ne mai gona, in itace ya yi yawa ka rage. Amma gawo dabam yake. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Saiwarsa tana tara sinadarin nan na naitirojin da muke saye a buhun yuriya, dabbobi kuma suna kwana a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Kowa a nan ya taɓa ganin yadda gero ke yin baƙi ƙirin a gindin gawo. Kakanni sun san darajarsa, har ana ba da tarihin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Tsuntsaye fa? Za su sauka, gaskiya ne. Amma jan baki ba ya jiran sai ka bar itace kafin ya sami gonarka, kuma cikin masu saukar akwai masu cin fara da tsutsa.

Tambaya mafi nauyi ita ce: in na rena, wa zai ci? Abin da ya kashe itatuwan Nijar tun farko ke nan. Ana ɗaukar itace na gwamnati ne, manomi yana iya shan tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa, don haka ba mai renon abin da ba nasa ba. Sai da ma'aikatan daji suka sassauta, dokar daji ta 2004 kuma ta ƙara amincewa da haƙƙin manomi, sa'an nan mutane suka saki jiki. A ƙauyen Ɗan Saga, wajen Agye, har kwamiti suka kafa mai tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. Mu ma dole mu bi ta nan. Wannan ba aikin ikilisiya kaɗai ba ne, gama iska ba ta tambayar gonar wa take binnewa. Dattawa su je wurin mai unguwa da dagaci, a kira maƙwabtanmu Musulmi, a kira arɗo, a sanar da malamin daji, a zauna a yarda a kan wuta, da sara a gonar wani, da yadda makiyayi zai sami ganye. Makiyayi ba maƙiyin itace ba ne, ya fi mu bukatarsa a watan bazara. A nuna masa ya ɗauki waɗansu rassa ya bar kan itacen, domin gawon da ake gundulewa kowace shekara yakan daina ba da 'ya'ya, asarar kuma a kan shanunsa take komawa. In ba a yi wannan zama ba, itacen da muka rena domin albarka zai zama sanadin faɗa, kuma mun ga inda irin wannan faɗa yake kai gari.

Akwai kuma 'yan'uwanmu masu noma gonar aro ko ta haya, da gwauraye mata da ke noma gonar dangin miji. Sau da yawa mai gona ba ya son a tayar da itace, yana tsoron kada gobe a ce an kafa hujjar mallaka. Ina roƙon dattawan ikilisiya su shiga tsakani tun yanzu, a faɗa a gaban shaidu: gona ta mai ita ce, rassan da aka gyara da sandar da aka sare na wadda ta yi wahala ne. Kada gwauruwa ta yi shekara uku tana reno, ranar da sanduna suka isa sara a ce mata ta tashi.

Bana ba na neman kowa ya juya gonarsa duka. Ka ware gefe guda, ka gyara kututture goma ko ashirin, ka bar sauran yadda ka saba, da kaka ka gwada da idonka. Kuma ku sani tun yanzu, ba za mu raba ko mudu ɗaya saboda wannan aiki ba, kun ji dalili.

Bayan mun ci abinci za mu fita gonar ikilisiya, na ga sabara da kalgo da yawa ta gefen gabas ba a taɓa su ba tukuna. Kowace ikilisiya ta ba da mutum biyu, namiji da mace, kowa zai gyara kututture guda da hannunsa. Wanda addarsa ba ta da kaifi ya same ni a bakin rijiya, na zo da dutsen washi. Baba Fasto, sai ka yi mana addu'ar abinci.